Kaskon yankan ciyawa: yadda muka sauka daga inci 54 zuwa 48 a wani lambu a Katsina

A tsakiyar watan Agusta Alhaji ya kira ni, ana saura kwana tara a yi wani biki a lambunsa da ke bayan gari, ta hanyar Dutsinma. Wuri ne da ake haya don walima da kamu, fili mai kusan hekta ɗaya da aka shuka wa kiri-kiri, ga darbejiya a jere ta jikin katanga, ga mangwaro shida a tsakiya. Ni sana'ata gyaran injinan ban-ruwa da janareta da ƙananan taraktoci ce. Alhaji kuma aminin mahaifina ne, don haka kiransa ba ya kwana.

Na tarar da shi tsaye a tsakiyar filin, ya riƙe gefen babbar rigarsa don raɓa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya nuna ƙasa da sanda. "Injiniya, dubi abin da motar nan take yi mini. Kamar aski a hannun ɗan koyo."

Gaskiyarsa. Duk inda taraktar yankan ciyawar ta bi ta bar layi biyu sirara na ciyawar da ba a taɓa ba, sun miƙe tun daga wannan katanga har waccan. A kan 'yan tudai kuwa an aske ciyawar har ƙasa, wurin ya koma ruwan ƙasa, faɗin faifai-faifai. Ga dunƙulen yankakkiyar ciyawa nan da can, da na ɗaga ɗaya da ƙafa sai na ga ƙarƙashinsa ya fara yin ɗorawa. Na tsuguna na tsinko ganye kaɗan na duba bakinsu. A yayyage suke, sun yi zare-zare, sun bushe fari. Shi ya sa daga nesa filin yake kamar an watsa masa toka.

Taraktar ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka, mai inji silinda biyu, ƙarfin doki ashirin da 'yan kai. A cikinta, tsakanin tayoyin gaba da na baya, abin yankan yake rataye. Masu sayarwa na ce masa dek. Ni kasko nake ce masa, don kamar kasko yake da aka kife, wuƙaƙe na juyawa a ƙarƙashinsa, bel daga inji yana jan su. Na Alhaji mai faɗin inci 54 ne, wato kimanin santimita 137, da wuƙa uku.

Ashe ya riga ya yanke shawara. Wani mai kayan injuna a Kano ya turo masa hoton kasko ta WhatsApp, mai inci 60, na ƙarfe mai kauri da aka haɗa da walda. "Wannan nake so. Babba ne, mai ƙarfi ne, a gama aiki da wuri." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu kafin a tura kuɗi. Ina so in san laifin kaskon ne, ko laifin yadda aka rataye shi." Ya yi shiru, sannan ya ce to.

Dalilina shi ne mafi yawan mummunan yanka da nake gani ba daga kasko yake farawa ba. Muka tura taraktar zuwa daɓen siminti na zauren taro, na cire makulli da wayoyin filogi, na fara da tayoyi. Tayar baya ta hagu tana nuna 6 a gejin awon iska, ta dama 22. Irin waɗannan taraktoci yawanci 10 ake so a baya, 14 a gaba. Ta hagun ƙayar tsidau ce ta huda ta, tana tsiyayar da iska a hankali, ta daman kuma mai faci ya cika ta kamar ta mota. Kasko a jikin tarakta yake rataye, in tarakta ta karkata shi ma ya karkata. Da na auna daga bakin wuƙa zuwa daɓe, ba daga leɓen kaskon ba, hagu ta fi dama ƙasa da milimita 12. Sannan gaban kaskon ya fi bayansa ɗagawa, alhali akasin haka ake so: gaba ya ɗan sunkuya da milimita 3 zuwa 6, don wuƙa ta sari ciyawa sau ɗaya a gaba ta wuce. In baya ne ya fi ƙasa, sai ta sare ta a gaba, ta sake dukan ta a baya, ganye ya yayyage, inji kuma ya yi aiki biyu a kan abu ɗaya.

Yaron da ke tuƙa taraktar ma yana da nasa. Yana rage totur don ya tattala mai, ya kuma sa gudu don ya gama da wuri. Na zaunar da shi na yi masa bayani, ban yi masa faɗa ba, don niyyarsa mai kyau ce. Wannan wuƙar ba almakashi ba ce, sara take yi kamar adda, kuma ƙarfin saran yana cikin saurin juyawarta. A ƙa'idar Amurka an kayyade gudun bakin wuƙa kada ya wuce ƙafa 19,000 a minti, wato kusan mita 96 a daƙiƙa ɗaya, kuma masu ƙera injin sun tsara shi ne ya kusanci wannan gudun idan totur yana a cike. Ka rage totur, ka ƙara gudun tafiya, ciyawa sai ta kwanta wuƙa ta wuce ta kanta.

Da muka sauke kaskon muka kifar da shi, a nan na daɗe ina kallo.

Bayan kowace wuƙa akwai wata lanƙwasa da ta ɗaga sama kamar fiffike. Ita ce ke jan iska daga ƙasa, iskar ta miƙar da ciyawa tsaye, wuƙa ta sare, iskar kuma ta kwashe abin da aka yanka ta fitar da shi ta bakin gefe. Rabin aikin yanka iska ce ke yin sa. To amma iskar da ke ɗaga ciyawa ita ce ke ɗaga rairayi, ƙasar Katsina kuwa jigawa ce. Wuƙaƙen da suka zo da taraktar masu dogon fiffike ne, irin waɗanda aka yi wa ciyawa mai kauri a ƙasa mai laka. A nan sun yi ta tsotsar rairayi suna watsa shi a cikin kaskon. Daidai gindin fiffiken kowace wuƙa rairayi ya ci wani kwari, a ɗaya ma har ya huda, ina iya zura tsinken ashana. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, don in fiffiken ya ɓalle a irin wancan gudu, harsashi ne. Bakunan wuƙaƙen kuma sun gajarce, sun yi da'ira. A kasko mai wuƙa uku, ta tsakiya tana ɗan gaba, an tsara su yadda hanyar kowace za ta ɗan hau kan ta maƙwabciyarta. Da zarar bakin ya cinye, wannan hawan ya tafi, sai a bar layi. Layi biyun da Alhaji ya nuna mini da sanda ke nan, ɗaya tsakanin ta hagu da ta tsakiya, ɗaya tsakanin ta tsakiya da ta dama.

Baba mai lambu, wanda ya shekara da shekaru yana gyaran ciyawa da lauje da adda kafin zuwan inji, ya leƙo ya ce, "Mi ka gani, ɗana?" Na ɗaga kaskon na sa shi tsakaninmu da rana. Haske ya ɓullo ta ƙananan huji sun fi goma, kamar rariya. Na danna wani wuri da babban yatsa, ƙarfen ya lotsa. Shingayen ƙarfe na ciki da ke juya iska zuwa bakin fita, ɗaya ya cinye saura rabi. A gindin sandar da wuƙar hagu ke juyawa a kai akwai tsaga, har sandar ta ɗan karkata, boris ɗinta kuma yana gurnani in an juya da hannu. Baba ya girgiza kai ya ce, "Wannan ya ci ƙasa ya ƙoshi."

Don bikin, mun yi abin da za a iya. Muka daidaita iskar tayoyi, muka saita kaskon, muka wasa wuƙaƙe biyu masu dama-dama, muka rataya kowace a jikin ƙusa ta hujin tsakiya don a ga ba ta rinjaya gefe ba, ta ukun na sa wata da nake da ita a shago. Muka ɗaga tsayin yanka daga inci ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Kiri-kiri tana da wata ɗabi'a da ya kamata duk mai ita ya sani: korenta a sama kawai yake, ƙasa duk kara ne ruwan ƙasa. In ka bar ta ta yi tsawo sannan ka sare da yawa lokaci ɗaya, sai ka cire koren gaba ɗaya. Shi ya sa ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a yanka guda. Aka yanka filin a tsaye, bayan kwana uku aka yanka a gicciye don a kwashe layukan. Biki ya wuce lafiya. Amma ni da Alhaji mun san kaskon ya gama nasa.

Sai aka dawo kan maganar wanda za a saya, a nan ne kuma muka sha bamban.

Na fara da abin da ba ya buƙatar gardama. Kasko ba kamar taya ba ne da za ka ɗaura wa kowace mota. Maratayansa, da tsawon bel, da inda faifan bel ɗin yake, duk an yi su ne don wata tarakta takamaimai. Mai inci 60 da ke cikin hoton ba na wannan jikin ba ne, sai an yanke an yi walda kafin ya hau, ya kuma fi nauyin da hannun ɗagawarta zai ɗauka cikin sauƙi. Ga kuma ƙofar da ke tsakanin filin maza da na mata, faɗinta mita ɗaya da rabi. Inci 60 santimita 152 ne, kuma wannan faɗin yanka ne kawai, jikin kaskon ya fi haka. Ko na inci 54 ɗin ma ba ya wucewa sai an ɗage murfin bakin fita, abin da ya sa yaron ya ɗaure murfin sama da igiya ya bar shi haka kullum. Wannan ya tayar mini da hankali fiye da komai. Murfin nan shi ke kare mutum daga tsakuwa da murfin kwalba da wuƙa ke harbowa, a wurin da yara ke guje-guje.

Alhaji ya haƙura da 60, amma ya ce to a nemo wani 54 ɗin, ba ya son ya koma baya. Na fahimce shi. Mutum ya saba ganin babba a matsayin ci gaba. Maimakon in yi ta magana, sai na sa aka yanko mini katako biyu miƙaƙƙu, ɗaya santimita 137, ɗaya 122, wato faɗin inci 48. Muka je kan tudun da ke kusa da mangwaro na uku, inda saiwa ta ɗaga ƙasa. Na ɗora dogon katakon a gicciye. Tsakiyarsa ta zauna a kan tudun, gefunan biyu suna lilo a sama, har tafin hannuna yana shiga ƙarƙashi. Na ɗora gajeren, lilon ya ragu sosai. Muka koma wani ɗan kwari inda ruwa ke bi, nan kuma gefunan dogon suka caki ƙasa, tsakiya ta yi sama. Na ce, "Alhaji, kasko ba ya lanƙwasa. Yadda katakon nan ya yi, haka shi ma yake yi. A kan tudu wuƙar tsakiya ta aske, a kwari na gefe su tona. Filin ƙwallo da aka baje da inji zai ɗauki 60. Namu da hannu aka baje shi, ga saiwoyi, ga hanyar ruwa." Ya karɓi katakon da kansa ya gwada a wuri uku. Gani ya kori ji.

Saura batun lokaci, wanda shi ne ainihin damuwarsa. Muka yi lissafi a bayan takardar rasit. In tarakta na tafiyar kilomita 6 a awa, kasko mai inci 54 zai gama hekta ɗaya cikin minti 73, mai inci 48 kuma cikin minti 82, in ba a sa juyawa da kewaye bishiya a lissafi ba. Bambancin minti tara ne. Kuma da tsohon ana bin fili sau biyu don a share layi. Ga wani abu kuma: inji ɗaya ne zai ja su, kuma a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka a Katsina, ciyawa ta yi kauri ta jiƙe, ƙaramin kasko ya fi barin inji ya riƙe gudunsa.

Me ya hana mu sauka har 42? Ya fi arha, wuƙa biyu ce kawai, kayan gyaransa sun fi samuwa. Amma bayan wannan taraktar yana da faɗi, kasko mai inci 42 da ƙyar yake leƙowa waje da taya. Ba za a iya matsawa jikin katanga ko gindin bishiya ba sai taya ta goga, aikin adda ya ƙaru wa Baba. Mun wuce shi da sauri.

Wani mai walda da muke mutunci da shi ya ce zai ƙera mana sabo da faranti mai kauri, a mayar da tsofaffin sanduna. Na san hannunsa, ya iya aiki, ƙyauren shagona ma shi ya yi. Amma na ƙi, na kuma faɗa masa dalili a gaban idonsa. Sanduna ukun nan dole su zauna a shimfiɗa ɗaya, bambancin 'yan milimita yana fitowa a fuskar ciyawa, zafin walda kuma yana murɗa faranti. Cikin kaskon ma ba akwati ba ne, hanyar iska ce mai lanƙwasa da aka auna. Ya ce gaskiya ne, ya kuma taimaka mana daga baya wajen gyara wani marataya.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da masu sayarwa suka fi so su yi ta kururutawa: na walda ko na matsi? Na matsi faranti ɗaya ne aka danna shi a injin masana'anta ya fito da siffarsa, babu ɗinki, kusurwoyinsa a zagaye. Na walda faranti ne da yawa aka yanka aka haɗa, yawanci ya fi kauri, ya fi jure karo da dutse da kututture. A ganina, wanda ke yanka filayen mutane don kuɗi, kullum yana hawa da sauka daga mota, na walda ya fi masa. Amma kauri ba shi ne kyan yanka ba. Kyan yanka yana cikin zurfin kaskon da santsin cikinsa, inda iska za ta zagaya ba tare da ta ci karo da lungu ba, ciyawa ta sami sararin miƙewa kafin wuƙa ta iso. Kuma ba duk na matsi ne sirara ba. Kamfanin John Deere yana da wanda yake kira 7-Iron, na matsi ne daga faranti mai lamba 7, kaurin kusan milimita huɗu da rabi. A nan na yi wa Alhaji bayanin wani abu da ke rikita mutane da yawa: a lambar kaurin ƙarfe, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Lamba 10 kusan milimita 3.4 ce, lamba 13 kuwa kusan 2.3. Shi da ya ɗauka 13 ta fi.

Abin da muka tsayar ke nan: inci 48, wuƙa uku, na matsi mai zurfi, faranti lamba 10, na kamfanin da ya ƙera taraktar, mai ƙananan tayoyi a kusurwoyi da abin birgima a hanci don ya hau tudu maimakon ya tona shi. Na ɗauki hoton lambar da ke jikin taraktar, na tafi Kano da kaina. Kwana biyu na yi ina yawo kafin na sami na hannu mai kyau. Na sa aka kifar da shi a bakin shago, na kankare busasshiyar ciyawa da sukuddireba, na ƙwanƙwasa ko'ina da sifana ina sauraron amo, na juya kowace sanda da hannu ina girgiza ta ko tana da wasa. Ɗaya na da ɗan ƙara, aka rage mini kuɗin boris. Na sayo sabon bel, don na 54 ba zai yi ba, da wuƙaƙe jeri biyu.

Jeri biyun nan, a wurina, sun kai kaskon muhimmanci. Ɗaya mai gajeren fiffike ne, wanda ba ya tsotsar rairayi sosai, shi za a riƙa sawa daga Oktoba har farkon damina, lokacin da ciyawa ke rayuwa da ruwan rijiyar burtsatse, ta yi sirara, ƙasa tana leƙowa. Ɗayan mai matsakaicin fiffike, na Yuli zuwa Satumba, lokacin da ciyawa ta rufe ƙasa kuma ana buƙatar iska mai ƙarfi ta fitar da abin da aka yanka. Maganar toshe bakin fita don a niƙe ciyawar ta koma ƙasa ta zama taki ta taso, na ce a bari tukuna. Da damina yawanta ya fi ƙarfin haka, ga kuma karangiya da ke kutsowa ta gefen katanga, ba ma son a baza irinta a ko'ina. Baba ma bai so ba, don yankakkiyar ciyawar ita yake kai wa tumakinsa.

Mun ɗaura shi a makon ƙarshe na Satumba, a kan daɓen nan dai. Na saita hagu da dama, na sunkuyar da gaba da milimita 5, na ɗaga ƙananan tayoyin yadda ba za su taɓa ƙasa ba sai in an zo tudu, kamar kaurin yatsa tsakaninsu da daɓe. Mutane da yawa suna sauke su har ƙasa suna zaton su ne ke ɗauke da kaskon, sai su cinye cikin wata biyu. Na kwance igiyar nan da hannuna, kuma sabon kaskon yana wuce ƙofar tsakiya da murfinsa a sauke, ko da yake sai an bi a hankali.

Yankan farko da la'asar aka yi shi, bisa shawarar Baba, wanda ya ce tun zamanin lauje ba a taɓa ciyawa mai raɓa. Na bi bayan taraktar a ƙasa. Babu layi. Yankakkiyar ciyawa tana fita a baje kamar ana shiƙa, ba dunƙule-dunƙule ba. Bayan kwana biyu na dawo na tsinko ganye, bakinsa a datse yake, kore har ƙarshe. Aikin ya ɗauki awa biyu ba kaɗan har da kewaye bishiyoyi, a bi ɗaya.

Ba komai ne ya warware ba. Tudun mangwaro na uku da wani a bayan zauren har yanzu suna askuwa in yaron ya hau su a gicciye, sai ya bi su a tsaye ya kuma ɗaga kaskon mataki ɗaya. Tuji da ya yi kaka-gida a kusa da famfo yana kwanciya in taya ta taka shi, ya miƙe bayan an wuce, wannan sai dai a tuge shi da hannu. Kuma rairayi bai daina ci ba, rage shi kawai muka yi. Da na kwance wuƙaƙen a tsakiyar hunturu, bayan aikin awa ashirin da 'yan kai, fentin gindin fiffiken ya tafi, ƙarfen ya yi sheƙi, amma babu kwari tukuna. Na wasa su, na rataya a ƙusa, na mayar, na ɗura giris a sanduna ukun.

Alhaji ya sa an kawo tifa biyu ta ƙasa, an jibge ta gefen katanga. Baba zai gauraya ta da taki ya cike kwarin hanyar ruwa da kewayen saiwoyin nan kaɗan-kaɗan kafin ruwan farko. Tsohon kaskon yana jingine a bayan shagona, na cire masa sanduna biyu masu lafiya na ajiye a kwali.